"Gidana ne": kalmomin shari'a da ke bin gida da fili daga hannu zuwa hannu

Mutum huɗu na iya tsayawa gaban alƙali, kowannensu ya ce "gidana ne", kuma a rasa maƙaryaci a cikinsu. Na farko saye ya yi, ya biya, sunansa na cikin rajistar hukuma. Na biyu haya ya kama ta shekara 99, ya yi gini, ya hayayyafa a ciki har ya manta akwai ranar da wa'adi zai cika. Ta uku mijinta ne ya bar mata haƙƙin zama iya tsawon rayuwarta. Na huɗu mahaifinsu ne ya rasu ya bar musu gidan, shi da 'yan'uwansa, ba a kai ga rabo ba. A bakin jama'a dukkansu masu gida ne. A wajen shari'a kuwa mutum ɗaya tak a cikinsu ke da ikon ya sayar da gidan ɗungurungum gobe da safe ba tare da ya nemi yardar kowa ba.

Wannan bambancin ne ya haifi tarin kalmomin da ke cika takardun gidaje da filaye. Mutane kan ɗauka lauyoyi ne suka ƙirƙire su don su wahalar da talaka. Ban musa cewa akwai masu fakewa da su ba, amma yawancinsu aiki suke yi. Kowace kalma tana faɗin wane yanki na mallaka ne ya tashi, a wane lokaci ya tashi, kuma a hannun wa ya sauka. Wanda bai san su ba yakan sa hannu a kan abin da bai yi niyya ba, ko ya zauna shekaru yana zaton ya mallaki abin da bai taɓa shiga hannunsa ba.

Kusan kowane tsarin shari'a ya raba dukiya gida biyu: mai motsi da marar motsi. Malaman fiƙihu na kiran ta farko manƙul, ta biyu kuma aƙar. Marar motsi ita ce ƙasa da duk abin da ya kafu a kanta, gini ne ko rijiya ko bishiya. Dalilin ware ta a fili yake. Mota ko dabba idan an saya ana tafiya da ita, kowa ya ga ta sauya hannu. Fili ba ya ɗaguwa. Ranar ciniki yana nan inda yake jiya, abin da ya yi tafiya haƙƙi ne, kuma ido ba ya ganin haƙƙi. Shi ya sa mutanen Ingila na zamanin da sukan taru a kan filin, mai sayarwa ya ɗebi ɓurɓushin ƙasa ko ya karyo reshe ya miƙa wa mai saye a gaban shaidu, don a samu abin da ido ya gani. A 1677 suka kafa dokar da ta ce cinikin ƙasa sai da rubutu. Daga nan takarda ta fara maye gurbin ƙasar da ake damƙawa a hannu, daga baya rajista ta zo ta fi takardar ƙarfi. Wani abin da ya biyo bayan rashin motsin nan shi ne, a mafi yawan lokuta dokar ƙasar da filin yake ita ke hukunta yadda za a miƙa shi, ko da mai shi ɗan wata ƙasa ne.

Ita mallakar kanta ba dunƙulalliya ba ce, tana rabuwa. Fiƙihu ya bambanta raƙaba, wato ainihin abin, da manfa'a, wato amfanin da ake samu daga gare shi. Dokar Faransa, wadda aka tattara a kundi a 1804 bisa tushen dokar Rumawa, ana karanta mallaka a cikinta a matsayin iko uku: ikon amfani da abu, ikon cin abin da ya samar kamar kuɗin haya ko amfanin gona, da ikon rabuwa da shi ta ciniki ko kyauta. Idan mutum ɗaya ya haɗa ukun, mallakarsa cikakkiya ce. Idan aka ba wani biyun farko, shi ne mai cin moriya, wanda ya rage da na ukun kuma sai a ce yana da tsirarar mallaka. Iyaye da yawa a Faransa kan ba 'ya'yansu tsirarar mallakar gida tun suna raye, su riƙe cin moriya. Suna zaune a gidansu, babu mai fitar da su, ranar da suka rasu kuma moriyar ta koma ta haɗu da mallakar 'ya'yan. Fiƙihu ma ya san irin wannan, sunansa umra: ka ce wa mutum "na ba ka gidan nan tsawon rayuwarka". A mazhabar Malikiyya amfani kawai aka ba shi, in ya rasu gida ya koma ga mai shi ko magadansa. Mafi yawan sauran malamai kuwa sun ce gidan ya zama nasa, magadansa ne za su gaje shi. Kalma ɗaya, hukunci biyu masu hannun riga. Duk mai niyyar yin irin wannan alheri ya kamata ya rubuta a fili inda gidan zai koma.

A Ingila dokar 1925 ta taƙaita manyan nau'o'in riƙon ƙasa zuwa biyu: mallaka marar wa'adi, da haya mai ƙayyadaddun shekaru. Hayar na iya kaiwa shekara 99, ko 125, har 999, ana sayar da ita ana gadonta, amma abin da ake gada shi ne ragowar shekarun. A wasu ƙasashe ma ƙasar ba ta shiga hannun ɗaiɗaikun mutane sam. A Sin ƙasar birane ta gwamnati ce, mai sayen gidan zama haƙƙin amfani na shekara 70 yake samu a kan filin. Kundin tsarin mulkin Habasha na 1995 ya ce ƙasa ta gwamnati da al'umma ce, ba a sayar da ita. Daular Usmaniyya ta Turkawa a dokarta ta filaye ta 1858 ta ware ƙasar mulk, wadda mutum ya mallaka kacokan, daga ƙasar miri, wadda raƙabarta ta hukuma ce, manomi kuma yana da haƙƙin aiki da ita. Saboda haka kafin a tambayi kuɗi, abin tambaya shi ne: mai sayarwar nan me yake riƙe da shi? Akwai tsohuwar ƙa'ida da kusan kowace kotu ta yarda da ita, cewa mutum ba ya ba da abin da ba shi da shi. Mai haya haya zai sayar maka, mai cin moriya moriya zai ba ka, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

A ciniki, kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa alkawarin sayarwa da miƙa mallaka. Takardar da aka rubuta ranar da aka ba da kafin alƙalami tana ɗaure mai sayarwa ya cika alkawari, amma a wurare da dama ba ta mayar da mai saye mai gida. Yaushe ne ke nan gida ke zama na mai saye? A fiƙihu, idan sharuɗɗa sun cika, ijabi da ƙabuli sun isa, wato "na sayar" da "na saya". Dokar Faransa ma haka ta tafi: da zarar an daidaita a kan abin sayarwa da farashinsa, ciniki ya faɗa tsakanin su biyun, ko da ba a biya ba. Jamus ta ɗauki wata hanya dabam. A ƙarƙashin kundinta da ya fara aiki a 1900, ko an biya kuɗi duka, ko an karɓi makulli an tare, mallaka ba ta wucewa sai an bayyana miƙawar a gaban jami'in da doka ta amince da shi, sannan an shigar da sunan mai saye cikin littafin filaye. A Ingila, gidan da ke cikin rajista sai an sauya sunan sannan mallakar doka take kammala.

Wannan ba musun malamai ba ne na fatar baki. A ɗauka wani marar tsoron Allah ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, na farko a watan Janairu, na biyu a watan Maris. Na biyun bai san da cinikin farko ba, kuma ya riga zuwa ofishin rajista. A tsare-tsare da yawa, har da na Faransa, shi kotu za ta bar wa filin, na farko kuma ya bi mai sayarwa ya nemi kuɗinsa, in ya same shi. Na farko ya riga saye, ya riga biya, yana da shaidu, amma ya yi jinkiri a mataki ɗaya.

Rajistar ma iri biyu ce, kuma sanin wadda ake aiki da ita a inda filin yake yana da muhimmanci ƙwarai. Akwai rajistar takardu, inda ofis ke ajiye kwafin duk abin da aka kawo masa ba tare da ya lamunce sahihancinsa ba. A nan dole mai saye ya bi silsilar mallaka baya, daga wanda ya sayar masa zuwa wanda ya sayar wa wancan, har a kai tushe mai ƙarfi. Zobe ɗaya ya ɓalle a silsilar, ko da shekara arba'in da suka wuce ne, duk waɗanda suka biyo baya suna cikin haɗari. Yawancin jihohin Amurka haka suke aiki, shi ya sa inshorar mallaka ta zama babbar sana'a a can. Sai kuma rajistar mallaka, wadda aka fi dangantawa da Robert Torrens, mutumin da ya jagoranci kafa ta a Kudancin Ostiraliya a 1858. A wannan tsarin littafin hukuma shi ne hujja: sunan da ke ciki shi ne mai fili, ba sai an tono tarihi ba, wanda kuskuren littafin ya cuta kuma hukuma ta biya shi diyya. A ganina tsarin Torrens ya fi tausayin mai ƙaramin ƙarfi, domin ba kowa ke da kuɗin ɗaukar lauyan da zai yi makonni yana bin tsofaffin takardu ba. Sai dai amfaninsa ya rataya ne a kan riƙon amanar masu kula da littafin.

Takardun miƙa mallaka su ma ba ƙarfinsu ɗaya ba. A Amurka akwai mai lamuni, inda mai sayarwa ke ɗaukar alhakin cewa gidan nasa ne kuma zai kare mai saye idan wani ya taso da da'awa. Akwai kuma ta sakin haƙƙi, wadda ma'anarta ita ce "duk abin da nake da shi a gidan nan, in akwai, na sakar maka". Tana da amfani tsakanin dangi ko ma'auratan da suka rabu. Baƙon da ya karɓe ta a madadin kuɗinsa kuwa ya sayi abin da ba a lamunce masa ko taku ɗaya a cikinsa ba.

Sai nauye-nauyen da ke bin gida duk inda ya je. Jingina, wadda fiƙihu ke kira rahanu, ba ta faɗuwa don an sayar da gida. Idan an yi mata rajista, mai bin bashi zai bi gidan har hannun sabon mai shi. Haka haƙƙin hanya ko na magudanar ruwa da maƙwabci ke da shi a cikin filinka, wanda ake kira irtifaƙi: na filin ne, ba na mutumin ba, kowa ya saya ya same shi. Wata takarda da ke yawan rikita mutane ita ce ta wakilci. Izini ce kawai ta yin aiki a madadin wani, ba ta mayar da wakili mai gida, kuma a ƙa'ida tana mutuwa da mutuwar wanda ya ba da ita. Mutumin da ya biya kuɗin gida aka ba shi takardar wakilci kaɗai yana iya wayar gari ya ga magadan mai sayarwa ne masu gidan.

Kyauta, ko hiba, ita ce ta fi kowace hanya jawo rigima bayan mutuwa, domin galibi da baki ake yin ta, a cikin ɗaki, lokacin farin ciki. Uba ya ce wa 'yarsa "gidan can na ba ki", ya ci gaba da karɓar kuɗin hayarsa, takardu na akwatinsa, har Allah ya yi masa rasuwa. A Malikiyya kyauta tana ƙulluwa da furuci amma ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa na da rai da lafiya. In mai bayarwa ya rasu kafin hauzi, kyauta ta rushe, gida ya koma cikin gado. Kyautar da aka yi a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi. Ga kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya keɓe shi da kyauta, Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida, ya umarci a yi adalci tsakanin 'ya'ya. Dokar Faransa ta bi wata hanya zuwa ga manufa mai kama da wannan: kyautar da aka yi wa ɗaya daga cikin magada ana ɗaukarta a matsayin wani ɓangare na rabonsa da ya karɓa tun da wuri, a lissafa ta ranar rabo, sai in mai bayarwa ya bayyana akasin haka. Waƙafi, wanda Malikiyya ke kira hubusi, shi fitar da kadara yake yi daga kasuwa gaba ɗaya. Sayyidina Umar ya yi haka da filinsa na Khaibar, bisa sharaɗin ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, amfaninsa kawai ake rabawa.

Idan mutuwa ta zo, kalma ta farko ita ce tarika, wato duk abin da mamaci ya bari. Tarika ba ita ce gado ba tukuna. A shari'ar Musulunci ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya, abin da ya saura shi ne gado. Gidan da bashi ya cinye ba shi da magaji, komai yawan 'ya'yan da suka taso a cikinsa. Amma fiƙihu bai ɗora wa magaji biyan abin da ya haura tarika daga aljihunsa ba. A Faransa da Jamus lamarin ya fi tsauri: dukiya da bashi suna faɗawa kan magada kai tsaye daga lokacin rasuwa, kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Shi ya sa dokarsu ta buɗe ƙofar ƙin karɓar gado, kuma a Jamus wa'adin yin hakan mako shida ne kacal daga ranar da mutum ya san gadon ya faɗo masa. Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarinta sun sa mutum a tsakani. Dukiya tana fara shiga hannun wasiyyi, wato wanda mamaci ya naɗa a wasiyyarsa, ko mai kula da tarika da kotu ta naɗa idan babu wasiyya. Shi zai karɓo takardar izini daga kotu, ya biya bashi da haraji, sannan ya miƙa wa kowa rabonsa a rubuce. Kafin wannan miƙawar magaji ba shi da gidan da zai sayar. A lura, wasiyyi ɗan amana ne, naɗin bai ba shi ko bulo ɗaya ba.

Iyakar abin da mutum zai iya yi da wasiyya ita ce inda tsare-tsaren suka fi rabuwa. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya nemi ya yi wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa Manzon Allah (SAW) ya hana shi, ya nemi rabi aka hana shi, aka tsaya a sulusi, aka kuma ce masa sulusin ma da yawa. Sannan babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda. Masar a dokarta ta 1946 ta shigo da wasiyya wajiba don jikokin da mahaifinsu ya riga kakansu rasuwa, su samu rabon da zai samu muddin bai wuce sulusi ba. Faransa ta keɓe wa 'ya'ya kason da wasiyya ba ta taɓawa: rabin dukiya idan ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku idan biyu ne, uku cikin huɗu idan sun kai uku ko fiye. Ingila ta bar wa mutum 'yancin ba wanda ya ga dama, sai dai dokar 1975 ta ba iyali da waɗanda yake ciyarwa damar zuwa kotu idan an bar su hannu rabbana. Siffar takardar ma tana iya rusa ta. Dokar Ingila ta 1837 ta buƙaci shaidu biyu a zama ɗaya, kuma shaidar da aka yi wa wasiyya a cikin takardar ya rasa abin da aka ba shi. Faransa tana karɓar wasiyya ba shaida ko ɗaya, in dai mai ita ya rubuta ta duka da hannunsa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu.

Yanzu ga inda na fi so mai karatu ya tsaya. A ce mutum ya rasu ya bar gida ɗaya, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, duk ita ta haife su, iyayensa kuma sun riga shi. Bisa ayoyin gado na Suratun Nisa'i matar tana da tumuni, sauran kuma na 'ya'ya ne a matsayin asaba, wato magada masu kwashe abin da ya saura, namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Idan aka kasa gidan kashi 40, uwa na da 5, kowane namiji 14, 'yar kuma 7. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, waɗannan kason ba ɗakuna ba ne. Ba a ce ɗakin gabas na wane ba ne. Kowane magaji yana da rabonsa a cikin kowane taku na gidan, daga ƙofa har bayan gida. Fiƙihu na kiran wannan musha'i, rabo marar iyaka. Babban ɗa ba shi da ikon sayar da gidan, abin da yake da shi 14 ne cikin 40.

To, a ce an bar gidan haka don zumunci, shekaru suka shuɗe, ɗaya daga cikin mazan ya rasu ya bar mata da ɗa ɗaya. Rabonsa zai sake rabuwa: mahaifiyarsa sudusi, matarsa tumuni, ɗansa ya kwashe saura, 'yan'uwansa kuma ɗan ya katange su, abin da ake kira hajabu. Wannan gado a kan gado shi ne munasaka. Yanzu lissafin gidan ya koma kashi 480: uwa 88, ɗan da ke raye 168, 'yar 84, jika 119, matar mamacin 21. Matar nan tana iya sake aure a wani gari, rabonta na nan daram, kuma in ta rasu sabon mijinta da 'ya'yan da ta haifa masa za su gaje shi. Mutuwa biyu kawai aka yi. A ƙara shekara talatin a kai, masu haƙƙi a gidan sai su kai gommai, wasunsu ba su taɓa ganin juna ba, kuma ba a iya sayarwa ko jinginarwa sai da sa hannun kowa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A kudancin Amurka iyalan baƙaƙen fata da yawa sun rasa gonakin kakanninsu ta wannan kafar. Ɗan kasuwa ya nemo wani jika da ke zaune a birni mai nisa ya sayi ɗan ƙaramin rabonsa, ya zama abokin tarayya, sannan ya nemi kotu ta raba. Kotu ta ga gonar ba ta rabuwa, ta sa a yi gwanjonta, shi kuma ya saye da araha. A 2010 aka tsara dokar samfuri, wato daftarin da kowace jiha ta Amurka za ta iya mayarwa dokarta, jihohi da dama kuma suka ɗauka, wadda ta ba sauran magada damar fara sayen rabon kafin a kai ga gwanjo. Wannan magani fiƙihu ya daɗe da saninsa da sunan shufa'a: idan abokin tarayya ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin karɓe shi a kan farashin da aka saya. Hadisin Jabir ya nuna tana aiki ne a abin da ba a raba ba, idan an shata iyakoki an fitar da hanyoyi babu shufa'a. Hanafiyya sun faɗaɗa ta har ga maƙwabci. Japan kuma ta gamu da ɗaya fuskar matsalar, filayen da aka rasa gane masu su saboda magada ba su sauya suna ba, har aka ƙiyasta faɗinsu ya haura Kyushu, ɗaya daga cikin manyan tsibiran ƙasar. Tun daga Afrilun 2024 ta wajabta wa magaji ya yi rajista cikin shekara uku, wanda ya ƙi ba da uzuri ba ana iya cin sa tarar da ta kai yen 100,000.

Akwai wata tarayyar da ta saba wa duk wannan, kuma ma'aurata masu sayen gida a ƙasashen da ke bin tsarin Ingila kan faɗa cikinta ba su sani ba. Idan mutum biyu suka sayi gida a matsayin masu mallakar haɗaka, wanda ya riga mutuwa rabonsa ba ya shiga tarikarsa sam, kai tsaye yake komawa ga wanda ya rage, ko me wasiyya ta ce. Idan kuwa tarayyar kaso suka rubuta, kowa rabonsa na magadansa ne. Bambancin kalmomi kaɗan ne a fom ɗin rajista, amma yana iya fitar da 'ya'yan auren farko daga gidan mahaifinsu gaba ɗaya. Musulmin da ke son a raba dukiyarsa bisa shari'a ya kamata ya duba wannan layin da kyau.

Mafita daga tarayya ita ce ƙisma, wato rabo na zahiri. Dokar Faransa ta ce ba a tilasta wa kowa zama cikin tarayya, fiƙihu ma ya ba kowane abokin tarayya damar nema. Malikiyya sun ambaci hanya uku: a raba da yardar juna, ko a daidaita kason a jefa ƙuri'a, ko a bar ainihin gidan a raba amfaninsa, wannan ya zauna bana wancan baɗi. Ta ukun ba ta kawo ƙarshen tarayya, jinkirta ta take yi. In gida ba ya rabuwa sai da ɓarna, a sayar a raba kuɗin. Barin lamarin a hannun ɗan'uwa ɗaya kuma yana da nasa haɗarin, domin daɗewar riƙo tana iya zama hujja. A Malikiyya, baren da ya riƙe kadara shekara goma yana gini yana rushewa, mai ita na nan yana gani bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, ba a sauraron da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai, don an san kunya da kara na hana magana. Faransa ta sa shekara 30 a ƙa'ida, Ingila 12 a filin da ba ya cikin rajista.

Sau da yawa a zaman rabo za a ji wata daga cikin magada ta ce "ni na bar muku nawa". Maganar tana da daɗin ji, kowa ya sa mata albarka, a tashi. Amma me ta bari, kuma ga wa? A fiƙihu gado yana shiga mallakar magaji ne ko ya so ko bai so ba, saboda haka ba a yafe shi kamar bashi. In ta bayar ba ta karɓi komai ba, kyauta ce, sai ta san girman abin da take bayarwa, ta faɗi wanda ta ba, a kuma yi hauzi. In an ba ta kuɗi ko wata kadara ta fita, wannan shi ne takharuji, sulhu ne mai ɗaukar hukuncin ciniki, sai an ambaci abin da aka biya da waɗanda suka biya, domin rabonta zai koma ne ga wanda ya fitar da kuɗin. In kuma nufinta su ci gaba da zama ne kawai, to aro ta ba su, rabonta na nan, 'ya'yanta za su zo nemansa wata rana da gaskiyarsu. A Faransa da Jamus kuwa, wadda ta je ta ƙi karɓar gado a hukumance ana ɗaukarta kamar ba ta taɓa zama magajiya ba, kuma rabon ba ya zuwa ga ɗan'uwan da ta yi niyyar taimaka wa: 'ya'yanta ne ke hawa gurbinta, tare da bashin da ke kan tarikar.